Jarabar Caca da Hanyoyin Taimakon Wanda Ya Kamu: Tsakanin Fiƙihu da Likitanci

Gabatarwa

Babu saɓani tsakanin malaman Musulunci game da haramcin caca. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubin giya da caca ya rinjayi amfaninsu, sannan ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka yanke hukunci, suka kuma ambaci illoli biyu: haddasa gaba da ƙiyayya, da shagaltar da mutum daga ambaton Allah da salla. Saboda haka matsalar da ke gaban malamai a yau ba ta sanin hukunci ba ce. Mafi yawan matasan da ke zuba kuɗi a cacar ƙwallon ƙafa sun san haramun ce, da yawansu ma sun sha tuba suna komawa. Tambayar da wannan maƙala ta fuskanta ita ce: idan mutum ya zo ya ce yana son bari amma ya kasa, me za a yi masa?

Yadda caca ke kama mutum

A zamanin Jahiliyya, maisir na buƙatar taro da raƙumin da za a yanka da kibau goma, bakwai masu rabo, uku marasa rabo. Cacar yau kuwa tana cikin wayar da ke aljihu, ba ta buƙatar abokin wasa, ba ta kuma da lokacin rufewa. A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan cacar wasanni da dama, amma rufe shago ba ya cire manhaja daga waya.

Kamfanin caca yana tsara farashinsa ne ta yadda ribarsa ke tabbata idan tafiya ta yi nisa. Misali, wanda ya haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, idan aka ƙaddara damar cin kowane wasa rabi da rabi ce, to damarsa ta cin tikitin 1 ce cikin 1,024. Amma idan wasanni tara suka fito daidai, ɗaya ya ɓata, ba ya jin cewa ya yi asara. Ji yake saura ƙiris. Wannan ji, tare da cin da ke zuwa jefi-jefi ba tare da an san ranarsa ba, su ne ke zaburar da ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kwaɗayin sakamako, har mutum ya wayi gari yana caca don ya maido abin da ya rasa, yana kuma ƙara nutsewa.

A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da matsalar caca rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwaya. Ta lissafa alamomi tara, waɗanda samun huɗu daga cikinsu a watanni 12 ke nuna cuta. Daga ciki akwai ƙara yawan kuɗin da ake sawa, da kasa dainawa duk da ƙoƙari, da komawa don rama asara, da ƙarya don ɓoye lamarin, da dogara ga wasu su biya bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya ta a kundin cututtukanta na 11, wanda ya fara aiki a 2022. Kiran ta cuta ba ya sauke taklifi daga kan mai hankali baligi. Abin da yake nunawa shi ne nadama kaɗai ba kasafai take isa ba, sai an haɗa da sabubba.

Matakin farko: karɓa da rufin asiri

Bukhari ya ruwaito daga Umar (RA) labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Abu Huraira (RA) ya hana a zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Darasin a fili yake: wanda ya sake faɗuwa bai fita daga cikin 'yan'uwa ba. Kunya ce babban abin da ke hana ɗan caca neman taimako, don haka limami ko malamin da aka kai wa kuka ya wajaba ya riƙe sirri, kada ya mayar da labarin misali a huɗuba ta yadda jama'a za su gane mai shi.

Mataki na biyu: raba shi da kuɗi da wurin fitina

Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana miƙa dukiya ga wawaye, kuma a kanta malaman fiƙihu suka gina babin hajru, wato hana safihi sarrafa dukiyarsa. Malikawa da jumhur sun yarda a yi wa baligi mai almubazzaranci hajru. Tilasta shi aikin alƙali ne, amma babu abin da ya hana mutum ya ɗora wa kansa irinsa da yardarsa: ya miƙa katin banki ga amintacce, albashi ya riƙa bi ta hannun wanda aka yarda da shi, a riƙa ba shi kuɗin buƙatar yini. Haka nan a goge manhajojin caca da na bashin gaggawa, a kuma nemi kamfanin ya rufe asusun. Masu ba da shawara a asibitoci ma da wannan suke farawa.

Sauya abokai na cikin maganin. A hadisin wanda ya kashe rayuka 100, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umarce shi da barin garin da ya saba ɓarna a cikinsa. Ga mai cacar ƙwallo, wannan na iya nufin ƙaurace wa gidan kallo da zaurukan WhatsApp na hasashen wasa. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin yin sadaka ga wanda ya gayyaci abokinsa caca, ko da ba a yi ba, abin da ke nuna cewa tun daga harshe ake tare ɓarna.

Mataki na uku: warware bashi

A nan akwai buƙatar rarrabewa. Kuɗin da abokin caca ke bi saboda ya ci wasa ba bashi ba ne a Shari'a, domin ƙullin ɓatacce ne. Amma abin da aka ranta a hannun mutane, ko aka ɗauka daga amana, wajibi ne a mayar. Abin da aka ci a caca kuwa ana mayar wa mai shi idan an san shi, in ba haka ba a sanya shi cikin maslahar jama'a, ba da niyyar neman ladan sadaka ba.

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya masu bashi cikin masu cin zakka. A Mukhtasar na Shaikh Khalil an togace wanda ya ci bashi don ɓarna, sai fa idan ya tuba, to mafi kyawun zance shi ne a ba shi. Hikima a nan ita ce a biya masu bin bashin kai tsaye bayan an ga alamun tuba, kada a damƙa masa kuɗi a hannu. Iyalin da ke gaggawar biyan kowane bashi a ɓoye ba tare da sharaɗi ba, sau da yawa share masa hanyar komawa suke yi.

Mataki na huɗu: zuwa asibiti

Hadisin Usama bn Sharik (RA) da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya yi umarni da neman magani. Hanyar da ta fi samun goyon bayan bincike ita ce zaman tattaunawa da ƙwararre don gyara tunani da ɗabi'a, inda ake koya wa mutum gane abin da ke tsokano masa sha'awar caca, da rushe zaton cewa nasara ta kusa. Likita kuma zai duba ko akwai ciwon damuwa ko shaye-shaye, domin sukan zo tare. Akwai Asibitocin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, ban da sassan da ke asibitocin koyarwa. Idan mutum ya fara maganar cewa mutuwa ta fi masa, wannan lamari ne na gaggawa: kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

A Amurka an kafa ƙungiyar Gamblers Anonymous a 1957, inda masu fama ke haɗuwa suna ƙarfafar juna cikin sirri. Masallatai da makarantun Islamiyya na iya shirya irin wannan zama bisa tarbiyyar Musulunci, ƙarƙashin malami da ma'aikacin lafiya.

Kammalawa

Fiƙihu ya riga ya tanadi kayan aiki: sitira, da hajru, da rabon masu bashi, da umarnin neman magani. Abin da ya rage shi ne malamai su san alamomin cutar, su san asibitin da ke kusa da su, su kuma shirya iyali kan cewa sake faɗuwa na iya aukuwa ba tare da ƙofar tuba ta rufe ba. Allah ne Mafi sani.