Koyo da Hannu a Karatun Digirin Injiniya



Idan aka ce injiniya a bakin kasuwa, yawancin mutane mai gyaran mota ko mai gyaran rediyo suke nufi. Idan kuwa aka faɗi kalmar a jami'a, sai hankali ya tafi ga mai lissafi da zane a takarda. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, digirin injiniya ba ya cika sai ya haɗa waɗannan biyu a jikin mutum ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron maƙeri da zuga yake farawa. Yana zaune yana kallon launin ƙarfe a wuta, har idonsa ya san lokacin da ya dace a ɗora shi bisa uwar maƙera. Sai ya daɗe a haka kafin a miƙa masa masaba. Abin da jami'a ta ƙara a kai shi ne sanin dalili, watau me ya sa ƙarfe ke yin taushi, kuma nauyi nawa zai ɗauka kafin ya karye.

A ƙasar Amurka, wani malami mai suna Herman Schneider ya buɗe wani tsari a Jami'ar Sinsinati a shekarar 1906. Ɗalibai 27 ne suka fara, suna yin mako ɗaya a aji, mako ɗaya a masana'anta. Daga nan tsarin ya bazu zuwa jami'o'i masu yawa.

A Nijeriya kuwa, kukan masu masana'antu ne ya jawo gyara, don sun ce yaran da ake yaye musu sun iya takarda amma ba su san inji ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka fi sani da ITF, a shekarar 1971, hedkwatarsa kuma tana Jos. A 1973 asusun ya ƙirƙiro shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, watau SIWES.

To, yaya abin yake ga ɗalibi? Karatun injiniya a jami'o'inmu shekara 5 ne, kuma koyo da hannu hawa huɗu yake. Na farko, ɗakin gwaje-gwaje, inda zai ja sandar ƙarfe da inji har ta tsinke, ya gwada adadin da ya samu da wanda littafi ya faɗa. Na biyu, aikin hutun da ake yi cikin jami'a, galibi a ƙarshen shekara ta biyu, inda zai taɓa walda da kafinta da gini da haɗa wayar lantarki. Na uku, wata 6 a masana'anta ko ma'aikata a shekara ta huɗu. Na huɗu, aikin kammalawa a shekarar ƙarshe, inda zai tsara wani abu, ya ƙera shi, ya kāre shi a gaban malamai.

Bari in ba da misali ɗaya don a ga amfanin wannan wahala. A aji an koya wa ɗalibi cewa kwaɓin kankare na gama-gari awo 1 ne na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma idan ruwa ya yi yawa ƙarfinsa raguwa yake yi. Ya rubuta, ya ci jarrabawa. Amma sai ya je wurin gini zai ga lebura yana ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, ya ga yashi mai laka, ya ga zafin bazara yana busar da kankare kafin ya kama, saboda ba wanda ya tuna da yayyafa masa ruwa. A nan ne zai gane dalilin da ya sa ake ɗibar samfuri a matse shi da inji bayan kwana 7 da kwana 28. Wanda bai taɓa ganin haka ba, wata rana shi ne zai sa hannu a takardar ginin makaranta ko gada. Idan ginin ya rufta, rayuka ne za su salwanta.

Sai dai ba na ɓoye muku cewa shirin yana da cikas. Manyan masaƙun Kaduna da dama, waɗanda dā suke karɓar ɗalibai, sun rufe, alhali ɗalibai sai ƙaruwa suke yi. Don haka wasu sukan ƙare a ofishin da ba shi da alaƙa da karatunsu, ana aikensu sayen abinci. Mafi muni shi ne wanda zai zauna gida, ranar ƙarshe ya kawo littafin rajistar aikinsa, wani babba ya buga masa hatimi don tausayi.

A nan ne magana ta iso gare ku, ma'aikatan gwamnati. Ma'aikatar ayyuka da hukumar ruwa da sashen safiyo duk makarantu ne, ko da babu allo a cikinsu. Idan aka turo muku ɗalibi, ku haɗa shi da wanda zai tafi da shi wurin aiki, ku ba shi abin yi na gaske, kada kuma ku sa hannu kan aikin da ba ku ga an yi ba. Hatimin nan shaida ce.

Ku kuma ɗalibai, kada ku raina birkila ko mai walda don bai shiga jami'a ba. Shekarunsa a kan aiki sun koya masa abin da ba ya cikin littafinku. Ku tambaye shi, ku rubuta, sa'an nan ku koma ga lissafinku ku nemi dalilin abin da ya faɗa. Wanda ya yi wata shidansa a haka, in ya dawo aji, malaminsa ma zai ga bambanci a irin tambayoyin da yake yi.

Allah ya sa mu dace.