Manhajar masana'anta: da me za a gina ta, ina za a ajiye ta?

Kamfanin jima a Challawa ko na roba a Sharaɗa da ke son manhajar intanet don lissafin kaya da karɓar odar dillalai zai yanke shawara biyu: yaren da za a rubuta ta da shi, da inda za ta zauna.

Batun yare bai da wuya. PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, ya wadatar, musamman da tsarinsa na Laravel. Python da tsarinsa na Django sun fi dacewa idan nazarin alƙaluma ya yi yawa. A ganina, a ɗauki wanda za a samu mai gyara shi a Kano ranar da maginin farko ya bar aiki.

Masauki ne ke buƙatar dogon tunani. Ajiye sabar a cikin masana'anta a Bompai yana nufin ciyar da ita da janareta ko sola dare da rana, ga zafi, ga ƙurar hunturu. Masaukan ƙasar waje irin su AWS da DigitalOcean suna da inganci, sai dai farashinsu da dala ne, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin ya yi nauyi. Kamfanonin gida suna karɓar naira. Masaukinsu mai araha, wanda ake rabawa da wasu, yawanci an tsara shi ne don PHP da MySQL. Django ya fi sakewa a sabar da ka yi haya kai kaɗai.

Sai kuma adireshin intanet: na .ng yana hannun ƙungiyar NiRA. A yi rajistarsa da sunan kamfani, kada a bar shi da sunan mai gina manhajar.