Yadda Ake Ƙulla Labarin Bincike

A shekarar 1877 wani ɗalibin likitanci mai suna Arthur Conan Doyle ya haɗu da malaminsa, Dakta Joseph Bell, a birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan. Shi Bell yakan dubi tafin hannun majiyyaci da takalminsa da irin tafiyarsa, sai ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba. Daga halin wannan malami Doyle ya ƙago Sherlock Holmes, gwanin binciken laifi da ya fara bayyana a littafi a 1887.

Ka ga ke nan jarin marubucin labarin bincike shi ne lura. Irin wannan labari kacici-kacici ne mai tsawo: ka ɓoye amsa, ka bar wa mai karatu sawun da zai bi.

Daga ƙarshe ake fara shi. Kafin ka ɗora biro kan takarda, ka san wa ya yi laifin, yaya ya yi, kuma me ya sa. Wanda bai san amsarsa ba, a tsakiyar labari zai kafe.

Mu ce kuɗin gudummawar aji sun ɓace daga ofishin malami. Mutum uku sun isa a zarga: monita, mai gadi, da wani ɗalibi ɗan wani ajin. Kowannensu a ba shi dalilin da zai sa a yi masa kallon tuhuma. Monita na riƙe da makulli, an kuma gan shi da sabon takalmi. Wannan sawun ƙarya ne, domin daga baya za a gane yayansa ne ya saya masa. Sawun gaskiya yana bakin ɗalibin nan, wanda ya rantse bai taɓa ganin koriyar jakar ba, alhali ba wanda ya ambaci launinta a gabansa.

Doka guda ba a karya ta: duk abin da mai bincike ya gani ko ya ji, mai karatu ma ya gani ya ji. Idan ka jefo ɓarawon da ba a taɓa ambata ba a layin ƙarshe, ka ci amanar mai karatu.

Wannan horo yana da rana. Tsara farko da tsakiya da ƙarshe shi ake nema a insha'in labari a jarrabawar WAEC da NECO. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, kuma tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa take fito da sababbin marubuta gajerun labarai.

A wannan mako ka rubuta naka a shafi biyu, ka karanta wa abokanka, ka tsaya kafin ƙarshe. In duk sun gano ɓarawon, ka ƙara lulluɓe sawu. In ba wanda ya ko kusa, ka ƙara haske kaɗan.