Yaron da Aka Ƙetaro da Shi Iyaka: Ya Zauna Ko Ya Koma?

Iyakar da ta raba Jihar Kebbi da Jamhuriyar Nijar, Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1898 da 1906. Ta ratsa tsakiyar Arawa da Dandawa da Zabarmawa, ta bar wa a Dogondutsi, ƙane a Kangiwa. Saboda haka ƙetare ta bai taɓa zama baƙon abu ba. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, iyalai da yawa sun gangaro kudu da 'ya'yansu, wasu a goye, ba tare da wata takarda ba. Waɗannan yara sun girma a Birnin Kebbi da Argungu, suna noman shinkafa a fadamar Rima, sun yi aure sun haifi nasu. Wasu suna cikin ikilisiyoyinmu, da yawa kuma maƙwabtanmu ne Musulmi. Ya kamata a bar su su zauna?

Abin da doka ta ce

Haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 yana duba jini ne, wato iyaye ko kakanni. Amma sashe na 27 ya buɗe ƙofa: baligi mai halin kirki, wanda ya shekara 15 a ƙasar, zai iya neman zama ɗan ƙasa, idan gwamnan jiharsa ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi ya kuma saje da su. Shugaban ƙasa ne yake ba da takardar. Ƙofar tana nan, sai dai ƙaramin manomi da wuya ya san da ita, balle ya iya bin matakanta.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta yarda ɗan ƙasashen ƙungiyar ya shigo ya yi kwana 90 ba biza. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, don haka inuwar da waɗannan mutane suke fakewa a ƙarƙashinta ta ragu. Mu kuma tuna da Janairu 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan makonni. Abin da ya taɓa faruwa zai iya sāke faruwa.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu cewa a mayar da su ba miyagu ba ne. Suna cewa ƙasar da ba ta san masu shiga da fita ba, ba za ta iya tsare kanta ba, musamman yanzu da 'yan bindiga suke amfani da wannan iyaka. Suna kuma tsoron cewa sassauci zai jawo wasu su kwararo. Romawa 13 ma tana koya mana girmama hukuma.

Amma a nan akwai tambayoyi biyu da ake cuɗawa. Ta farko, wa ya karya doka? Ba jaririn da ke goye ba. Ezekiyel 18 ta nuna cewa ba a ɗora wa ɗa alhakin mahaifinsa. Ta biyu, ina za a mayar da shi? Wanda ba a yi wa rajistar haihuwa a Nijar ba, iyayensa kuma sun rasu, zai iya rasa shaidar da zai nuna a can ma. Sai ya zama ba shi nan, ba shi can. Najeriya da kanta ta shiga yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na kare marasa ƙasa a 2011. Amurka ma ta yi fama da wannan tambaya: a 2012 ta kafa shirin DACA, wanda ya dakatar da korar waɗanda aka kawo suna yara, ko da yake bai ba su zama 'yan ƙasa ba.

Matsayinmu shi ne a bar su su zauna, a kuma daidaita zamansu bisa doka. Wannan ya fi ma amfani ga tsaro, gama wanda aka rubuta sunansa an san inda yake. Wanda ya aikata laifi a hukunta shi saboda laifinsa, ba saboda inda aka haife shi ba. Littafin Firistoci 19 ya umarci Isra'ila su ƙaunaci baƙo, domin su ma sun yi baƙunci a Masar.

Aikin fasto

Jarabar da za ta zo mana ita ce ta ƙarya. Ɗan ikilisiya zai roƙe mu mu shaida cewa shi ɗan asalin wata ƙaramar hukuma ne, domin ya sami takardar shiga makaranta ko aiki. Kada mu yi. Shaidar zur tana ɓata sunan ikilisiya, kuma ranar da asiri ya tonu shi ne zai fi shan wuya.

Amma gaskiya ma tana da amfani. Mu adana littattafan baftisma da na aure da kyau, gama za su iya nuna shekarun da mutum ya yi a gari. Mu ƙarfafa iyaye su yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidayar Jama'a. Mu bincika ko uwa ko kaka 'yar Najeriya ce, domin da yawa suna da haƙƙi ba su sani ba. Mu haɗa su da lauya, mu kuma nemi haɗin kan masu unguwa da limamai, waɗanda suka san su tun suna yara.

Don tattaunawa

1. Yaya za mu amsa wa dattijon ikilisiya da ya ce ƙarya saboda jinƙai ba zunubi ba ce?
2. Idan aka ba da umarnin kora irin na 1983, me ikilisiyarku za ta yi, me kuma ba za ta yi ba?