KASALA, ƘIBA DA CIWON MAƘOƘO: KO BARIN ABINCI YANA MAGANI?

Ya kai maigida, ya ke uwargida, wannan takarda taku ce. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidan, a sa ɗan makaranta ya karanta masa a hankali.

Watakila a gidanka akwai mace wadda dā ita ke riga kowa tashi, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, amma yanzu ko shara ta yi sai ta nemi wurin zama. Tana jin sanyi ko da bazara. Fatarta ta bushe, gashinta na zuba wurin kitso, fuskarta ta kumbura, murya ta dushe, bayan gida ya yi mata wuya. Jikinta na ƙara nauyi alhali kuwa ba ta ƙara ci ba. Kishiya ta ce lalaci ne, wani ya ce sammu ne. Daga nan sai a shiga hane-hane. Mai magani a kasuwa ya hana ta gishiri da nono. 'Yar'uwarta ta Tudun Wada a Gusau ta aiko da saƙo ta waya, wai ta bar alkama da gero da wake da gyaɗa. Kafin wata biyu ba abin da ya rage mata sai tuwon masara da miya tsurara, kasala kuwa sai abin da ya ci gaba.

To, ka saurara ka ji abin da likitoci suka sani game da wannan.

ZUGAZUGIN JIKI

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci na kiranta tairod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta zuba wani sinadari cikin jini, wanda ke hura wutar jiki kamar yadda zugazugi ke hura wutar maƙera. In sinadarin ya yi kaɗan, wuta ta yi sanyi, kome na jiki ya yi nawa: zuciya, hanji, har tunani.

Abu biyu suka fi ɓata wannan tsoka. Na farko rashin aidin cikin abinci, domin da aidin take haɗa sinadarinta. Saboda haka ne tun 1993 Gwamnatin Nijeriya ta sa doka a riƙa zuba aidin cikin gishirin ci. Na biyu shi ne wanda ya sa aka rubuta wannan takarda. Ka san jiki yana da dakarunsa masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci sai dakarun nan su ruɗe, su far wa tsokar wuya, kamar karen gida ya ciji maigida. A hankali, shekara da shekaru, sai ta gaza. Wani likita na ƙasar Japan mai suna Hashimoto shi ya fara bayyana ciwon a 1912, shi ya sa ake kiransa da sunansa. A 1956 masu bincike a Landan suka gano cewa dakarun jiki ne ke wannan ɓarna. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, yakan bi dangi, wani lokaci kuma yakan bayyana a watannin bayan haihuwa. Ba a ɗaukarsa wurin cin abinci tare, ko wurin kwanciya.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda dakarun ke zuga tsokar ta yi aiki fiye da kima. Mai shi yana ci yana ramewa, ga gumi, ga bugun zuciya da rawar hannu, wani har idanunsa su firfito. Maganinsa dabam ne. Ido ba ya raba su da tabbaci, sai an auna jini.

ABIN DA ABINCI BA YA IYAWA

Ka riƙe wannan da kyau: ba wani abinci da za a bari wanda zai mayar da tsokar da ta riga ta gaza. Rijiya in ta ƙafe, sake guga ba ya kawo ruwa. Maganin shi ne a mayar wa jiki sinadarin da ya rasa, watau wata 'yar ƙwaya mai suna tairoksin, guda kowace safiya. Mafi yawan masu wannan ciwo suna shanta muddin rai, suna kuma noma, suna haihuwa, suna harkarsu kamar kowa.

Game da ƙiba kuwa, gaskiya ita ce nauyin da ciwon kansa ke ƙarawa ba shi da yawa. Galibi kilo 2 ne zuwa 5, yawancinsa ma ruwa ne da jiki ya riƙe. Abin da ya haura wannan, a neme shi cikin kwano da yawan zama. Rage sukari a shayi da kunu, da lemon kwalba, da soye-soye, ya fi barin gero amfani sau goma.

GERO, ROGO DA GISHIRI

Maganar gero tana da tushe, amma an ɗauke ta an kai ta inda ba a aike ta ba. A shekarun 1980 masu bincike a Darfur ta ƙasar Sudan sun ga maƙoƙo ya yi yawa a ƙauyukan da gero ne kusan dukan abincinsu, aidin kuma ya yi musu ƙaranci ƙwarai. Gero yana da wani abu da ke rage wa tsokar ƙarfi kaɗan, amma ɓarnarsa tana fitowa ne inda babu aidin. Gidan da ke cin gishiri mai aidin, yana kuma haɗa gero da dawa da wake da ganye, ba shi da dalilin barin fura. Mutumin Tsafe ko Bunguɗu da aka hana gero, me aka bar masa?

Rogo mai ɗaci shi ma haka. A ɓare shi, a jiƙa kwanaki, a shanya ko a dafa sosai kafin a ci. Kabeji in an dafa ba laifi.

Gishiri kuwa, kada a bar shi, kada kuma a ƙara shi. Sayi na leda mai alamar hukumar NAFDAC. Na dabbobi da na kantu ba lalle ne suna da aidin ba. Ajiye shi a rufe, nesa da murhu da rana. Amma fa mai ciwon Hashimoto kada ta sayi maganin ƙarin aidin don kanta, gama yawansa yana tsananta ciwon. Aidin na miki kuma na shafawa ne, ba a shan sa.

IN ANA SO A GWADA BARIN WANI ABINCI

Ba mu ce duk maganar ƙarya ce ba. Akwai mutanen da hanjinsu ba ya jituwa da alkama, ciwon da likitoci ke kira siliyak. An fi samunsa cikin masu ciwon tairod bisa ga sauran jama'a, ko da yake su ma kaɗan ne daga cikinsu. Alamunsa zawo mai daɗewa, kumburin ciki, da ƙarancin jini da ba ya jin magani. Ga irin waɗannan, barin alkama magani ne na gaske. Wanda ba shi da siliyak, ba a tabbatar barin alkama yana gyara masa tairod ba. Mu nan ma mun yi sa'a, gama gero da dawa da masara da shinkafa ba su da abin nan na alkama. Yana cikin burodi ne, da taliya, da fanke, da funkaso, da alkaki, da gurasa. Akwai kuma masu shan madara ciki ya yi ta kuka. Su sau da yawa nono mai tsami da kindirmo ba su dame su kamar madara ɗanya.

Idan ke uwargida kina zaton wani abinci na cutar da ke, ga yadda za ki yi. Da fari ki bari sai likita ya ce maganinki ya daidaita, in ba haka ba ba za ki san ko ƙwaya ce ta yi aiki ko hani ba. Ki gaya masa niyyarki, musamman in alkama ce, domin gwajin siliyak ba ya fita daidai in an riga an daina cinta. Sa'an nan ki zaɓi abu guda tak. Ki bar shi mako 4, sauran abinci kuwa ki ci yadda kika saba. Kowane dare ki sa a rubuta miki a littafi, ko ki ja zane a bango da gawayi: dogo ran da kika wuni da ƙarfi, gajere ran kasala. Ki hau ma'aunin asibiti ran farawa da ran gamawa. Bayan mako huɗun ki koma cin abin nan kwana 3 a jere. In damuwar ta tafi da kika bari, ta kuma dawo da kika koma, to kin kama ɓarawon, ki kai wa likita labari. In ba ki ga bambanci ba, ci abinki, ba shi ne ba.

Mutane sukan tsallake wannan mataki na komawa, alhali shi ne gwajin. Wadda ta bar abu biyar rana ɗaya ba ta koyi kome ba, ta dai jawo wa kanta yunwa. Abin da kika cire kuma ki cike gurbinsa. In nono ne, ki ƙara zogale da wake da ƙananan kifi.

Mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da mai ciwon sukari, da wadda ta riga ta rame, kada su yi wannan gwaji sai da izinin likita.

YADDA AKE SHAN ƘWAYAR

A nan ne abinci ya fi shiga maganar, nan ne kuma aka fi kuskure. Ƙwayar tairoksin ba ta son abokin tafiya. A sha ta da asuba da ruwa zalla, ciki ba kome, a dakata rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin koko ko shayi. Ƙwayar ƙarin jini, da ta ƙarfin ƙashi, da farin maganin ƙwannafi, suna tare ta a hanji, sai a raba su da ita sa'a 4. Awara da madarar waken suya ma a bar su sai rana ta yi. Mata da yawa da ke cewa magani ba ya musu aiki, da koko suke haɗiye shi. Da azumi a sha rabin sa'a kafin sahur, ko lokacin kwanciya in an yi sa'a 3 da cin abinci.

Bayan mako 6 zuwa 8 da farawa, ko da sake awon magani, a koma a auna jini. In ya daidaita, sau ɗaya a shekara yakan isa. Kada a daina don an ji sauƙi. Kada a ƙara don neman ramewa, yawansa yana gajiyar da zuciya, yana cinye ƙashi. Kada a ba maƙwabciya don ita ma tana kasala. Ran da mace ta gane tana da ciki, ta je asibiti cikin makon nan, gama yawanci sai an ƙara mata, ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana bukatarsa tun watannin farko.

INA ZA A JE

Kai maigida, kai ne da kuɗin mota. Ku fara da asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu. Kasala ba ta tairod kaɗai ba ce, sai a duba ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da sukari. In ana bukatar gwajin tairod, wanda ake kira TSH, za a tura ku Gusau, Asibitin Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura.

Kada a kai wuya wurin wanzami a yi tsaga ko sakiya, manyan jijiyoyin jini na nan wurin. In kumburin yana girma da sauri, ko ya yi tauri kamar dutse, ko yana hana haɗiya ko numfashi, kada a jira ranar kasuwa. In za ku tafi, ku riƙa kwalin duk maganin da take sha, na asibiti da na gargajiya, da littafin nan da aka rubuta kwanakin gwaji.