Ƙarangiya Ma Tana da Takarda

 Ran nan a aji, sai ga wata yarinya tana tsintar ƙarangiya daga bakin zanenta tana tsaki. Na tambayi 'yan ajin ko sun san ana cin wannan ciyawa. Suka tuntsire da dariya. Ko ɗaya ba ta sani ba.

Abin ya dame ni ƙwarai. Kakata ta sha gaya mini yadda a yunwar 1973 da ta 1984 mutanen bakin Hamada, wajen Damargu da Azbin, suka riƙa sharo ta. A daka a turmi har ƙayar ta rabu, a sheƙe, a niƙa, a yi tuwo ko kunu. Masana kuwa sun auna ƙwayar, sun tarar wajen kashi ɗaya cikin biyar nata sinadarin gina jiki ne.

To, ku dubi yadda waɗansu suka riƙe ta. A Kew, kusa da Landan, akwai ɗakin ajiyar busassun tsirrai, inda aka tara fiye da miliyan 7. Akan cire ciyawa har da saiwarta, a danne ta a tsakanin takardu ta bushe, a manna ta a kwali. Sa'an nan a rubuta sunanta, da wurin da aka samo ta, da ranar, da wanda ya tsinko. Da irin wannan ajiya a ke gane ƙarangiyarmu ita ce ta hamadar Indiya, wadda aka raɗa wa suna Cenchrus biflorus a 1820. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa, ya aika da tsirrai can, ya kuma buga littafin sunayensu da Hausa a 1916.

Amma kwali ba ya koya wa mutum daka. Wannan ilimi yana kan tsofaffinmu, su kuwa kullum tafiya su ke yi.

Sabo da haka ina roƙonku, da kaka kowace uwa ta sa 'yarta ta danne ciyawa ɗaya a tsohuwar jarida, ta rubuta suna da wuri da rana. Ta je wurin Gwaggo ko Inna ta tambayi amfaninta, ta rubuta a ƙasa. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Allah ya raba mu da yunwa, amin.