Faɗa-wuta da Cinnaka a Itatuwan Anu Araren

An fi sanin Anu Araren, da ke arewa maso yammacin Agadas, da gawayin ƙasa wanda kamfanin SONICHAR yake haƙowa don bai wa Arlit da Agadas wutar lantarki, amma ƙoramun yankin, waɗanda ba sa kawo ruwa sai tsakanin Yuli da Satumba, suna raya kandili da aduwa da jiga, kuma ƙwari iri biyu suna rayuwa a kan ruwan zaƙin da tsirrai suke fitarwa.

Na farko shi ne faɗa-wuta, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai fita da dare. Manyan cikinsu, dangin da masana suke kira Sphingidae, ba su cika sauka a kan fure ba, sai dai su tsaya cak a iska suna kaɗa fikafikai, su warware dogon bakinsu da ke naɗe a ƙarƙashin kai, su zura shi har gindin furen. Bakin irin da ake kira Agrius convolvuli yakan kai santimita 10, wato ya fi jikinsa tsawo, kuma garin furen da ya manne masa shi yake kaiwa ga fure na gaba, ta haka barbara take tabbata. Shi ya sa furen duma da na zaƙami suke farare, masu buɗewa da magariba. Wani irin kuma, Hyles livornica, yana hayayyafa a sahara bayan ruwa ya sauka, sannan ya tsallake Bahar Rum zuwa Turai.

Cinnaka da danginta ba su cika amfanar fure ba, domin a ƙafa suke tafiya, kuma sau da yawa sukan sha zaƙin su wuce ba tare da sun yi barbara ba. Cinikinsu da itace a wani wuri yake: kandili da gabaruwa suna da 'yan ƙananan ƙulli a kan sandar ganye masu tsattsafo da ruwan zaƙi, cinnaka tana sha, tana kuma cizon tsutsar da ta zo cin ganyen. Gadin nata dai ba na amana ba ne ƙwarai, tunda takan yi kiwon ƙananan ƙwari masu tsotson itacen saboda darɓar da suke fitarwa, sannan yawancin tsutsotsin da take kora 'ya'yan wasu faɗa-wuta ne da ba su kai ga yin fikafikai ba.